Jinyar tsoho a gida: ɗan'uwa, 'yar aiki, nas mai zuwa gida ko kamfani?

Takardar sallama daga asibiti tana zuwa da sunayen magunguna da ranar komawa ganin likita. Ba ta faɗin wanda zai juya Baba da ƙarfe biyun dare, ko wanda zai wanke Hajiya idan ta ɓata shimfiɗa kafin asuba. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙugu, ko ciwon suga ya kai shi ga rasa ƙafa, ainihin jinyarsa a gida ake yin ta. Sau da yawa kuma abin da ke mayar da shi gadon asibiti ba cutar farko ba ce. Gyambon kwanciya ne, ko abinci da ya sarƙe shi ya gangara huhu, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwa a banɗaki. Duk huɗun hannun mai jinya ne ke jawo su, shi ne kuma ke kare su.

A ƙasar Hausa kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne, ko an so ma ba a cika samun irin gidajen ba. Hanyoyi huɗu suka rage wa iyali: wani daga cikin dangi ya zauna da majinyacin, ko a ɗauko mai aiki ta hannun dillaliya ko sanayya, ko a shirya da ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa gida, ko a ba kamfani kwangilar jinyar. Ba kishiyoyin juna ba ne. Gidajen da jinya ta yi kyau a cikinsu galibi biyu suke haɗawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara da tambayar nawa za a biya, ko wa ya fi kusanci da majinyacin, alhali jikin majinyacin ne ya kamata ya yi zaɓin.

A fara auna majinyacin

Tambayoyi shida sun isa. Yana iya juyawa a gado da kansa? Yana iya tashi ya kai kansa banɗaki, ko da da sanda? Idan ya kurɓi ruwa yana tari ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro? Akwai roba a jikinsa, ta fitsari ko ta abinci? Yana kan allurar insulin ta ciwon suga ko yana da buɗaɗɗen ciwo? Yana gane mutane da lokaci, ko yakan tashi cikin dare ya nufi ƙofa?

Wanda ke juyawa da kansa, yana haɗiya lafiya, ba roba ba ciwo, taimako kawai yake buƙata wajen wanka da sa kaya da tuna masa magani. Kowace hanya daga cikin huɗun tana iya ɗaukarsa. Da zarar an ce ba ya iya juyawa, aikin ya zama na dare da rana, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba, ko wane ne shi. Juyi kowane awa biyu na nufin sau 12 a kwana ɗaya, huɗu ko biyar daga ciki tsakanin goman dare da shidan safe. Wanda ya yi hakan na mako guda ba tare da mai karɓarsa ba, barci zai yi masa sata, kuma ba zai faɗa ba. Idan kuwa akwai roba, ko insulin, ko ciwo mai zurfi, to dole hannun ma'aikacin lafiya ya shigo, komai ƙwazon na gida.

Ɗan'uwa

Abin da ɗan'uwa ke da shi ba a sayensa. Ya san irin kunun da Baba ke sha, ya san abin da ke ɓata masa rai, yana gane maganarsa ko da harshen ya karye. Batun al'aura da tsarki ma ya fi sauƙi: mata ga mijinta, 'ya ga mahaifiyarta, ɗa ga mahaifinsa. Shi ne zai tuna masa lokacin salla, ya kawo masa ƙasar taimama, ya juya shi ya fuskanci alƙibla. Ga mai cutar mantuwa, sananniyar fuska kan kwantar da shi fiye da kowane magani.

Raunin wannan hanya daga tausayi da kunya yake fitowa. Ɗa yana jin nauyin buɗe bayan mahaifinsa, sai a yi kwanaki ba wanda ya duba ƙasan ƙugu, inda gyambon kwanciya ya fi farawa. Sauran wuraren su ne dunduniya, gefen kwatangwalo, kafaɗu, gwiwar hannu da bayan kunne. Littattafai sukan ce alamar farko ja ce, amma a baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko a taɓa a ji ya fi zafi ko tauri. Daga wannan alama zuwa fashewa kwana ɗaya ko biyu ne idan aka ci gaba da kwantar da shi a kai, warkewa kuwa makonni ko watanni. Ba a murza wurin da man zafi, murzawa tana ƙara kashe naman da ke ƙasa. Abin yi shi ne a ɗauke nauyi daga kansa gaba ɗaya. A kwantar da shi a karkace kaɗan da matashi a bayansa, ba a kan ƙashin kwatangwalo sosai ba, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, a sa na uku ƙarƙashin sangalali yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba.

Tausayi ne kuma ke sa a ɗura wa majinyaci ruwa yana kwance don kada a wahalar da shi da tashi. Wanda shanyewar jiki ta taɓa masa haɗiya, ruwa zalla ya fi komai saurin shiga hanyar iska, wani lokaci ko tari ba zai yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya tashi, numfashi ya yi sama-sama. A zaunar da shi cak, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Kunu mai kauri, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka sun fi aminci. Shinkafa warwara, gyaɗa, nama mai zare-zare da fura mai gudaji su ne masu sarƙewa. In an gama a duba cikin kumatu ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune na minti 30, a goge masa baki safe da dare, domin ƙazantar baki ita ma huhu take gangarawa.

Sai gashi da ruwan zafi. Hannu ko ƙafar da ta shanye ba ta jin zafi yadda ya kamata, haka ma ƙafar mai ciwon suga. Tsumman da mai gashi ke jin ya yi daidai yana iya saɓule fata ba tare da majinyacin ya ce uffan ba.

Duk waɗannan ana koyonsu. Lokacin koyo shi ne kwana biyu ko uku kafin sallama, a ɗakin asibiti, a roƙi nas ta nuna juyi da ɗagawa da ciyarwa, wanda zai yi jinyar ya yi da hannunsa tana kallo. Abin da ba a koyo shi ne hutu. Jinya takan faɗa kan mutum ɗaya, galibi matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko ƙaramar matar majinyacin, sauran kuma su riƙa turo kuɗi da gaisuwa ta waya. Ga shi ba a iya yi wa 'yar gida faɗa kamar yadda za a yi wa ma'aikaciya, don haka kuskurenta kan daɗe ba a gyara ba. Idan wannan hanya aka zaɓa, a rubuta rabon kwana da sunaye, a ware wa mai jinyar wani abu duk wata ko da ta ce ba ta so, a kuma tabbatar tana samun barcin dare cikakke aƙalla sau biyu ko uku a mako.

'Yar aiki

Ita ce mafi araha, kuma a nan tazarar da ke tsakanin mai kyau da mara kyau ta fi faɗi. Ba a neman lasisi kafin mutum ya kira kansa mai jinya, saboda haka duk tantancewar a wuyan iyali take.

Mafi munin zaɓi shi ne yarinya 'yar shekara sha uku ko sha huɗu da dillaliya ta kawo daga ƙauye, aka haɗa mata jinya da wanke-wanke da shara da aike. Ba ta da ƙarfin ɗaga babban mutum, sai ta ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar ta goce, ciwon da kan bi majinyaci watanni. Ba ta iya karanta sunan magani. Ba ta da bakin da za ta ce wa baƙuwar da ta zo dubiya kada ta ba Hajiya ruwa a kwance. Idan wani abu ya faru, tsoro zai sa ta ɓoye. Ta fuskar doka ma, dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, ta kuma haramta sa kowane yaro aikin da zai cutar da shi. Ɗaga mutum mai kilo 70 sau da yawa a rana irin wannan aikin ne.

Babbar mace kuwa, mai shekara 30 zuwa 50, wadda ta taɓa jinyar uwa ko miji, aka ɗauke ta don jinya kaɗai, nas ta koya mata aiki na 'yan kwanaki, ita ce ginshiƙin yawancin jinyar da ke tafiya daidai. Ga namiji majinyaci a nemi namiji, saboda al'aura da kuma ƙarfin ɗagawa.

Kafin ta fara, a karɓi lambar NIN ɗinta da hoto, wani daga gidan ya taka ya ga inda take zaune, a samu wanda zai tsaya mata wanda mai unguwa ya sani. A yi magana da gidan da ta baro, kai tsaye, ba ta bakin dillaliya ba, tunda ladan dillaliya yana kan kowace sabuwar ɗauka ne. A kai ta asibiti a duba ta, musamman idan tana tarin da ya wuce mako biyu, domin tarin fuka a ɗaki ɗaya da tsoho mai rauni babbar matsala ce. Ita ma tana da haƙƙin kariya: safar hannu, sabulu, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Inda jini ko bahaya ya zuba a ƙasa, bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, irin su Jik, ana haɗa ma'auni ɗaya da ruwa ma'auni shida a wanke wurin. Wannan haɗin na ƙasa da bokiti ne, ba na jikin mutum ba.

Batun albashi a yi shi a fili, a kuma biya ta hannunta ko asusunta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ba ta tilasta wa gida, amma ma'auni ne mai amfani: wadda ake biya kashi ɗaya cikin uku na wannan don aikin dare da rana, ranar da ta samu wani wurin za ta tafi ba sallama. A yi lissafin tafiyarta tun farko. Salla, damina, biki ko rasuwa a garinsu duk za su zo, kuma ranar da ta tafi dole a samu wani a gidan da ya iya juyi da ciyarwa.

Iyakarta a bayyane take. Wanka, canza famfas, juyi, ciyarwa ta baki, zubar da fitsarin jaka, miƙa maganin da aka riga aka ware. Ba ta yin allura, ba ta sa roba ko cire ta, ba ta yanke mataccen nama a ciwo, ba ta sayo magani a kemis da ra'ayin kanta. Jakar fitsari kullum tana ƙasa da mara amma ba a yashe a ƙasa ba, ana zubarwa kafin ta cika, ba a ɗaga ta sama da jikinsa lokacin juyi don kada fitsarin ya koma. Famfas ɗin da ya jiƙe ba ya jiran safiya. A wanke, a tsane da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa basilin ko man zinc kaɗan. Hoda takan dunƙule da gumi ta ci fata.

Nas mai zuwa gida

Fararen kaya ba lasisi ba ne. A unguwa kowa da ya iya allura ana ce masa nas ko likita, amma mutum uku ne daban. Akwai nas mai rajista, wadda ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya ko biyar a jami'a, tana da lasisin hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma, NMCN, da ake sabuntawa duk shekara uku. Akwai ma'aikacin lafiya na al'umma, CHEW mai karatun shekara uku ko JCHEW mai shekara biyu, waɗanda hukumarsu daban ce, CHPRBN, kuma an horar da su ne don ƙananan asibitocin matakin farko. Sai wadda ta koyi aiki da kallo a wani asibiti mai zaman kansa, ba takarda ba rajista. Ta ukun tana iya zama mai jinya ta gari, amma a ɗauke ta a matsayin mai jinya, a biya ta a haka, kada a miƙa mata aikin nas. Neman ganin lasisi da ranar ƙarewarsa ba rashin kunya ba ne, mai shi ba ta jin haushin nunawa.

CHEW mai ƙwarewa ya wadatar wajen awon jini da suga, wankin ƙaramin ciwo, da koya wa 'yan gida aiki. Sa robar abinci ta hanci, canza robar fitsari musamman ga tsoho mai kumburin mafitsara, da gyambon da ya zurfafa har ana ganin kitse ko ƙashi, waɗannan na nas mai rajista ne, tare da likitan da ke bin majinyacin. Robar fitsari tana da wa'adi gwargwadon irinta: ta talaka mai ruwan ɗorawa makonni kaɗan ne, ta silikon tana kaiwa mako 12. A tambayi wacce aka sa, a rubuta ranar sawa da ranar canji. Robar abinci kuma a yi mata alama daidai bakin hanci. Idan alamar ta matsa, ko majinyacin ya yi amai ko tari mai ƙarfi, ba a zuba komai sai nas ta tabbatar bakin robar yana ciki, ba a huhu ba. Ana ɗaga kansa kafin a ba shi, a bi da ruwa kamar mililita 30 kafin abinci da bayansa don kada ta toshe.

Inda iyalai ke ruɗuwa shi ne su ɗauka samun nas ya gama magana. Mako yana da awa 168. Nas da ke zuwa na awa ɗaya sau uku a mako ta rufe uku, saura 165 na hannun wani. Ana iya wanke ciwo da ƙwarewa ranar Litinin, a kwantar da majinyacin a kansa har Laraba, ciwon ya ci gaba da faɗaɗa. Amfaninta mafi girma shi ne ta zama malama kuma mai duba aikin wanda ke kwana da shi. Ɗaukar nas ta zauna dare da rana kuwa yana nufin albashin mutum biyu ko uku masu takarda, kuma ba kasafai ake buƙatarsa ba sai a makonnin farko bayan babbar tiyata ko a ƙarshen rayuwa.

Matsalolinta ma sanannu ne. Yawanci tana da aikinta na asibiti, gidanku ƙari ne, ranar da aka canza mata lokacin aiki ba za ta zo ba, ba kuma mai maye gurbinta. Ba wanda ke duba aikinta. Wata takan riƙa sayar da magani da kanta, sai allurai su yi yawa. Abin da ya fi haɗari shi ne ƙarin ruwa a gida don kawai majinyaci ya yi laushi. Ga tsoho mai ciwon zuciya ko ƙoda, leda ɗaya da aka saki da sauri tana iya cika masa huhu. Duk allura ko ƙarin ruwa a nemi rubutun likita, a kuma ga an ɓare sabon sirinji a gaban ido.

Likitan gashin ƙashi daban ne da duk waɗannan, hukumarsa MRTB. Mai shanyewar jiki ya fi samun sauƙi a watanni uku zuwa shida na farko, don haka kuɗin da za a kashe a kansa a lokacin ya fi amfani a kan wanda za a kashe bayan shekara, gaɓoɓi sun riga sun ƙage. Manyan asibitoci irin su na koyarwa na Malam Aminu Kano, na ƙashi da ke Dala, na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da wannan sashe. Ko zuwansa sau ɗaya ne a mako, ya koya wa mai jinya motsa gaɓoɓin da za ta riƙa yi kullum.

Kamfani

Kamfanonin jinya a gida sun fi yawa a Abuja da Legas. A wasu biranen asibitoci masu zaman kansu ne ke tura ma'aikatansu. Abu uku ake saya a wurinsu waɗanda sauran hanyoyin ba su da su: madadi idan mai jinya ba ta zo ba, wani na sama da ke duba aikinta, da yarjejeniya a rubuce. Ga 'ya'yan da ke zaune a wani gari ko ƙasar waje wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ukun nan babu su, dillanci ne kawai da ofis, kuma an biya tsada a banza.

Takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana nuna an yi wa sunan kasuwanci rajista, ba ta cewa komai game da ingancin jinya. A tambaye su wace nas ce mai lasisi ke kula da ma'aikatansu, sau nawa take zuwa gida dubawa, kuma za ta zo ta ga majinyacin kafin a yanke farashi ko a waya za a gama. Wanda ya faɗi farashi bai ga majinyaci ba, bai san abin da zai tura ba. A tambayi wadda za a turo, nas ce, CHEW ce, ko mai horon makonni. Cikin awa nawa madadi ke isowa. Wa ke biya idan kaya suka ɓata ko majinyaci ya faɗi. Sannan nawa ne daga kuɗin ke isa hannun mai jinyar, domin inda kamfani ke cinye mafi yawa ma'aikata ba sa zama, kuma sabuwar fuska duk wata biyu tana rikita mai cutar mantuwa. A sa sharaɗin jinsi da harshe a cikin yarjejeniyar. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji, idan aka kawo mata wadda ba ta ji, ba za ta iya cewa mararta na ciwo ba.

Wanne ga wane

Mai tafiya da sanda, hankalinsa garau, ɗan'uwa ko babbar 'yar aiki ta ishe shi, kuɗin kuma a kashe su a gyaran banɗaki: ƙarfen dafawa a bango, kujerar wanka, masai na zama ko fo mai kujera a ɗaki, fitila mai caji a hanyar da yake bi da dare, a ɗauke tabarma mai naɗewa da wayoyin da ke ƙasa. Wanda ba ya juyawa, mutum biyu ne masu karɓa-karɓa, da nas sau ɗaya ko biyu a mako. A ɗaga shi daga katifar ƙasa zuwa gado mai tsayin ƙugu, a shimfiɗa zani ninki biyu a ƙarƙashinsa wanda mutum biyu za su kama su ja. Katifar iska tana taimakawa muddin akwai wuta. Idan aka ɗauke wutar takan saki, sai majinyacin ya koma kan abu mai tauri, don haka a ɗora ta kan katifar soso, kuma ba ta ɗauke wa kowa juyi. Mai roba ko insulin ko gyambo mai zurfi, nas mai rajista dole ce a ƙayyadaddun ranaku. Mai cutar mantuwa da ke yawon dare, fuska ɗaya mai haƙuri da ta daɗe ta fi masu takardu da ke canzawa. Kamfani ya fi dacewa inda ba ɗan gida ko ɗaya da zai iya sa ido.

Sa ido

Ko wace hanya aka bi, mutum ɗaya a cikin iyali ne zai zama mai magana, ba 'ya'ya bakwai kowa da umarninsa ba. A ajiye littafi mai layi a gefen gado: lokacin juyi da ɓangaren da aka juya, abin da ya ci, ruwan da ya sha, fitsari, bahaya, awon jini da suga. Idan likita bai taƙaita masa ruwa ba, lita ɗaya da rabi a rana, wato ledar fiya wata uku, ita ce mafi ƙaranci, a watannin zafi kuma fiye da haka. Magani a ware na mako guda a akwatin magani mai gida-gida, a riƙa ƙirga ragowar. Majinyacin da barcinsa ya ƙaru haka kawai, a bincika ko ana ba shi wani abu don ya yi shiru, irin su diazepam ko maganin mura mai sa barci. Sau ɗaya a mako wani ɗan gida mai jinsi ɗaya da shi ya ga jikinsa gaba ɗaya lokacin wanka. A riƙa shigowa ba sanarwa, har da tsakar dare. Taruwar jini ko shatin yatsu a damtse, sawun ɗauri a wuyan hannu, warin fitsari da ya daɗe, ko majinyaci ya yi tsit da zarar wani ya shigo, duk abin bincike ne, kuma ba bare kaɗai ke aikata su ba. Katin ATM, kuɗin fansho da gwala-gwalai a ɗauke su daga ɗakin tun ranar farko, wannan kariya ce ga mai jinyar ma daga zargi. Kyamara tana da amfani idan kowa ya san da ita, kuma ba ta kallon inda ake wanka da canza kaya.

Mai ciwon suga yana buƙatar ƙarin kula. Idan aka yi masa insulin ko ya sha glibenclamide, wanda ake sayarwa da sunan Daonil, sannan ya ƙi cin abinci, suga na iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, sambatu. Awo ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, a jiƙa sukari ƙaramin cokali huɗu a ba shi idan yana iya haɗiya, a sake awo bayan minti 15. Idan ya suma ba a zuba komai a bakinsa, asibiti za a nufa. Insulin da ba a buɗe ba a firij take zama, ba a wurin ƙanƙara ba. Wadda aka buɗe tana yin kamar mako huɗu, kuma inda wuta ba ta tsayawa a ƙulle ta a leda a sa a ƙaramin tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Janareta da murhun gawayi su yi nesa da tagar ɗakinsa.

Duk wanda ke kwana da majinyacin dole ya san abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu: sabuwar karkacewar baki ko mutuwar hannu, numfashi da ƙyar, zafin jiki da ya kai 38 tare da tari ko ruɗewa, awon jini na sama da ya kai 180 tare da ciwon kai ko ƙirji, jakar fitsari da ta yi awa shida ba ɗigo bayan an duba robar ba ta lanƙwashe ba, faɗuwar da ta sa ya kasa taka ƙafa. A ba mai jinyar izini a fili ta kira ko ta fita da shi ba sai ta jira yayan da ke Abuja ya ɗaga waya ba. A manna lambobi uku a bango, a san motar wa za a ɗauka da dare da inda makullinta yake, a kuma haɗa katin asibiti, takardar sallama da jerin magunguna a jaka ɗaya da aka rataye kusa da ƙofa.